Kainuwa Dashen Allah: Ko Za Ta Ciyar da Kifinmu?

Duk wanda ya ratsa unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni zai tarar kiwon tarwaɗa ya shiga gidaje, wani a kwarmin siminti, wani a tankin roba. Amma kukan masu kiwon ɗaya ne, wato tsadar abinci. Abinci kan lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, kuma tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, buhun da ake shigowa da shi ya gagari talaka.

Dalili kuwa shi ne, tarwaɗa tana bukatar furotin, sinadarin gina jiki, kimanin kashi 40 cikin ɗari na abincinta, ga shi garin kifi da waken suya da ke samar da shi sun yi tsada. To, a ra'ayina, wani ɓangare na maganin yana yawo a kan ruwa. Akwai wani ɗan tsiro mai ganye kamar ƙwayar riɗi, wanda masana ke kira Lemna. Idan ya sami ruwa mai taki yakan ninka kansa cikin kwana biyu ko uku, busasshensa kuwa yakan ƙunshi furotin fiye da kashi 30. Kainuwarmu ba ta kai shi ba, amma idan an shanya an niƙa, tana shiga haɗi.

Sai dai fa a yi hattara. Waɗannan tsirrai ƙari ne, ba za su maye gurbin abincin duka ba, domin tarwaɗa maciyiyar nama ce. Karfasa ta fi ta jure ganye. Haka kuma sukan zuƙe dafin da ke cikin ruwa. Wanda ya kwaso kainuwa daga kududdufin da kwatami ko ruwan majema ke malala ciki, ya ɗebo cuta ya kai wa mai sayen kifi. A noma su a ruwa mai tsabta.

Ina namu aikin, mu ɗaliban Hausa? Wannan ilmi yana kulle cikin Turanci, mai kiwo kuwa da Hausa yake lissafi. Mu bi masunta mu tattaro sunayen tsirran ruwa, mu zauna da malaman aikin gona mu rubuta jagora mai sauƙi. Bahaushe ya ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.