Idan gandu ya watse, kada gonar gado ta koma babur

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Minjibir, bayan an watse daga zaman makokin maigida akwai wata rana mai nauyi da ke jiran iyali, wato ranar da za a shiga gona da igiya domin rabon gado. Gandun da ya ciyar da gida guda sai ya koma 'yan gutsattsari. Matan mamacin su raba tumunin takaba a tsakaninsu, ɗan da jiya yake bin bayan mahaifinsa da fartanya ya wayi gari shi ne mai cefane. A wannan yanki kuwa gona na jingine da gona, babu dajin da za a sara a ƙara.

A nan ne masu kuɗi ke zuwa da tayi, abokai kuma su ce ya sayar ya sayi abin hawa ya shiga birni. Ya kamata matashi ya tuna da Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni, da kuma 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur. Babur yana tsufa, doka tana iya tsayar da shi dare ɗaya. Wanda ya sayar da gona a ƙasar da fili ke tsada haka, da wuya ya sake mallakar wata.

Iyaye da kakanni ba su taɓa dogara da gona kaɗai ba. Sun haɗa gero da wake a kunya ɗaya, sun tara harawa sun yi kiwon tumaki, takin tumakin ya koma gona. Da rani wasu na lambu a bakin madatsar Watari ko ta Tomas, wasu na dako ko awo a kasuwar Dawanau, su dawo kafin ruwan shuka. Gonar ba ta wadatarwa, amma ita ce wurin komawa idan ci-rani bai yi kyau ba.

Akwai laifin magidanta ma. Da yawa suna riƙe komai a hannunsu har mutuwa, ɗa ya kai shekara 30 bai taɓa yanke shawarar abin da za a shuka ba. Gara a yankar masa gayauna tun uban na raye, a sa shi sana'ar rani, ya yi kuskurensa yayin da akwai mai gyara masa. Wanda kuma dole ta sa shi neman jari, ya fara duba aro ko jinginar da gonar ga ɗan'uwa, a gaban shaidu da takarda.