Superman Ba Jarumi Ba Ne



Mun san za a yi mana ca, amma sai mun faɗa: Superman ba jarumi ba ne, ƙarfi kawai gare shi. Tun fitowarsa a Amurka a 1938, harsashi ba ya huda shi. To wanda ya tari bindiga yana sane ba abin da zai same shi, wace bajinta ya yi? Za ku ce ai akwai koren dutsen nan da ke karya lagonsa. Wannan ma hujjarmu ce: sai da aka ƙago masa rauni labarinsa ya yi armashi.

Damuwarmu ita ce cutar ta shigo rubutunmu. Saurayi ɗaya ya zubar da ƙarti arba'in, ko hularsa ba ta goce ba.

Ku tuna ambaliyar 2010 a yankin Madatsar Ruwa ta Goronyo, da Gulbin Rima ya ci gonaki da gidaje. Ku ɗauko masunci mai kwalekwale mai yoyo, ga tsoro, ga iyali na jiransa a tudu, amma ya koma kwaso maƙwabta. Zai iya nutsewa, shi ya sa gaban mai karatu zai faɗi. Ku sa Superman ya tare ruwan da hannu ɗaya, labari ya mutu a shafi na biyu.

Ku ba jarumanku abin da za su iya rasawa. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja, ban da zagi.