Abincin Gado da Lafiyar Yara a Ƙasar Inuit

A can ƙuryar arewacin Kanada akwai yankin Nunabut, wanda aka kafa a 1999, kuma mafi yawan mazaunansa 'yan ƙabilar Inuit ne. Garuruwansa 25 ba su da hanyar mota da ta haɗa su da juna ko da kudancin ƙasar. Kayan kanti sai dai su zo ta jirgin sama, ko ta jirgin ruwa a ɗan lokacin da ƙanƙarar teku ta narke. Saboda haka madara da kayan lambu suna isa da tsada, wani lokaci ma sun fara lalacewa. Binciken lafiyar Inuit na 2007 zuwa 2008 ya gano cewa kusan gidaje bakwai cikin goma a yankin ba su da tabbacin samun wadataccen abinci.

A aikinmu na harhaɗa magunguna mun san yadda irin wannan rashi yake bayyana a jikin yaro. Ƙarancin sinadarin ƙarfe yana kawo ƙarancin jini, yaro ya yi fari fat, ya riƙa kasala. Ƙarancin bitamin D kuma yana sa ƙashi ya yi laushi har ƙafafu su lanƙwashe, kuma haɗarinsa ya fi yawa a inda rana kan yi makonni ba ta fito ba a lokacin hunturu. Shi ya sa cibiyoyin lafiya na Nunabut suke raba ɗigon bitamin D kyauta ga jarirai. Wannan mataki ne mai kyau, amma ra'ayina shi ne kwalbar magani giɓi kawai take cikewa. Tushen gyara yana cikin tukunya.

Abincin gadon Inuit ya daɗe yana ɗauke da abin da ake nema a kwalba. Naman dabbar teku da ake kira sil cike yake da sinadarin ƙarfe, haka ma naman karibu, wata irin barewa ta ƙasar sanyi. Kifinsu mai maiƙo yana da bitamin D, fatar dabbar beluga kuwa tana da bitamin C. Sai dai farauta a yau tana bukatar man fetur da harsashi da babur ɗin ƙanƙara, kuɗin da talaka ba ya iya biya.

A 2011 gwamnatin Kanada ta ɓullo da shirin Nutrition North, wanda yake biyan tallafi ga masu kantuna domin su rage farashi. A 2014 babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya bayyana cewa gwamnati ba ta tabbatar ko rangwamen yana isa ga mai saye gaba ɗaya ba. Daga baya aka ƙara tallafi na musamman ga mafarauta. A ganina nan ne ya kamata a fi zuba kuɗi, tare da ɗakunan sanyi na gari inda ake adana nama a raba wa tsofaffi da mabukata, da cibiyoyi irin su Qajuqturvik a birnin Iqaluit, inda ake dafa abinci ana kuma koyar da girki.

Za ka iya cewa ai wasu namun teku suna ɗauke da gubar makuri. Gaskiya ne, kuma a yankin Nunabik an shawarci masu juna biyu su rage naman beluga, aka kuma riƙa raba musu kifin da gubarsa kaɗan ce. Nasiha irin wannan ta fi shiga kunne idan ma'aikaciyar lafiya 'yar garin ce ta faɗe ta da harshen Inuktitut.

Kai ma idan an rubuta wa ɗanka maganin ƙarin jini, ka ba shi yadda aka tsara har ya kammala, kada a haɗa shi da shayi domin yana hana jiki tsotsar sinadarin. Sannan ka tambayi ma'aikacin lafiya wane abinci ne na garinku, wanda kake iya saye kullum, zai hana ciwon dawowa.