Sabuwar Kwamfuta Mai Zafi: A Mai Da Ita Inda Aka Sayo Ta

Daga Wakilinmu na Arewa

A cikin watan jiya aiki ya kawo ni Ikko, na sauka a Agege wajen wani dattijo aminin mahaifina, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana fataucin goro tsakanin kurmi da Arewa. Muna zaune da dare sai ya sa aka ɗauko masa wata jaka, ya fito da kwamfutar nan ta tafi-da-gidanka wadda samari ke kira laftof, sabuwa ful, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, duba mini wannan aba. Ƙanwarka na saya wa, da ta sami shiga jami'a a Zariya. Yau kwananta goma sha ɗaya, amma yaran gidan nan sun ce da an kunna ta sai ta ɗauki zafi kamar kaskon suya, ta yi ta huci, daga nan ta mutu da kanta. Gobe nake so in ba direba ya tafi da ita, in ya so can a nemi mai gyara."

Na ce, "Baba, ina rasidin?" Ya ce wane irin rasidi kuma, ai shi da mai kantin sun san juna. Na ce to don Allah kada a ba direba, kada kuma a bar kowa ya sa mata sukurudireba sai mun koma kantin.

Abin da ya sa na ga ya kamata in kawo wannan magana a wannan fili shi ne, ba dattijon nan kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege, da Idi-Araba, da Mil 12, da Sabon Badun, da Shagamu, suna tara guminsu na wata da watanni su sayi irin wannan na'ura su aika gida domin 'ya'yansu da ƙannensu masu karatu a Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri. Mutumin da ba zai sayi rago ba sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ba kuwa zai karɓi huhun goro ba sai ya kwance ya tona har ƙasa, shi ne zai ƙirga kuɗin da ya isa sayen sa guda ya ba mai kanti, ya rungumi kwali ya fito, bai ko ce a kunna masa ba. Sa'ad da aibin ya bayyana kuwa, kayan sun riga sun yi tafiyar kilomita dubu, mai kanti yana Ikko, ita kuma kwamfuta tana teburin wani yaro mai gyaran waya a bakin tasha.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, sabuwar kwamfuta da ke zafin da ya wuce kima ba ta mai gyara ba ce, ta wanda ya sayar ce. Amma kafin mutum ya ɗauki ƙafa zuwa kanti, tilas ya san bambancin ɗumi da zafi, don kada ya je ya kunyata kansa.

Ita dai wannan na'ura, komi tsadarta, ba ta aiki sai da ɗumi. A cikinta akwai wani ɗan ƙaramin abu mai faɗin kan sarkin wasiƙa, shi ne ƙwaƙwalwarta, a nan ne lissafi duka ke gudana, a nan ne kuma zafin ke tasowa. An ɗora masa wani siririn bututu na jan ƙarfe wanda ke janye zafin zuwa gefe, inda 'yar fanka ke hura shi waje. Duk direban da ya san aikin lagireto a mota ya riga ya fahimci zancen. Iska tana shiga ta waɗansu ƙofofi da ke ƙarƙashin kwamfutar, ta fita ta baya ko ta gefe. Idan ƙwaƙwalwar nan ta doshi digiri 100, watau zafin tafasar ruwa, sai ta rage saurinta da kanta, shi ya sa za ka ga aiki ya koma tafiyar hawainiya. In hakan bai wadatar ba sai ta kashe kanta gaba ɗaya don kada ta ƙone. Ashe ke nan mutuwar da take yi ba lalacewa ba ce tukuna, ƙararrawa ce take kaɗa maka.

To, a kwana biyu ko uku na farko, musamman in an haɗa ta da intanet, sabuwar kwamfuta mai Windows takan yi ta sauko da gyare-gyaren da kamfani ya aiko, tana kuma jera kayan cikinta, ko da kai ba ka taɓa komi ba. A wannan lokaci fanka za ta yi ta gudu, gindin kwamfuta ya yi ɗumi, wannan ba aibi ba ne. Wanda ke son ya gani da idonsa sai ya danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda, wani allo zai fito ya nuna masa aikin da ke cin ƙarfin na'urar. In ya ga wani aiki ya riƙe kashi 90 ko 100 cikin ɗari, to ga mai laifin nan, a bar shi ya gama, ko kuwa a cire shi in ba shi da amfani.

Sai kuma namu laifin, wanda ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kansa. Mu mutanen zaman ƙasa ne. Yaro zai baje a kan katifa, ko darduma, ko ya ɗora matashi a cinya ya aza kwamfuta a kai, ya toshe mata hanci ruf, sa'an nan ya ce tana huci. Kai ma in aka danna maka matashi a fuska ai ka yi abin da ya fi huci. Magani a nan bai kai na kwabo ba: tebur, ko faifan katako, ko tiren shayi da aka kifa, a kuma ɗan ɗaga bayanta da wani abu don iska ta ratsa. Ɗora ta a cinya tsirara na sa'o'i ma ba shi da kyau ga fata, likitoci sun san irin tabon da yake bari, irin dai wanda ke fita a ƙafafun masu yawan jin ɗumin wuta da hunturu. Na kuma ji waɗansu na ba da shawarar a aza ta a kan ƙanƙara ko a sa ta cikin firji. Allah ya kiyaye! Raɓa ce za ta taru a cikinta, ruwa da lantarki kuwa kowa ya san ba sa ga maciji.

Haka nan caja. In wadda aka ba ka ba ta kamfanin ba ce, ko ƙarfinta bai kai abin da aka rubuta a gindin kwamfutar ba, ita kanta za ta yi zafi, ta kuma wahalar da batir. A duba wannan tun a kanti.

Idan an yi duk waɗannan, an kai mako guda, kwamfuta tana kan tebur, ba abin da ake yi da ita sai rubutu ko karatu, amma har yanzu ba ka iya ajiye tafin hannunka a kanta, ko tana mutuwa da kanta, ko ba ka jin iska na fita ko kaɗan, ko fanka na ƙara kamar an zuba mata tsakuwa, ko kana jin ƙaurin roba, to magana ta ƙare, aibi ne daga can. Wataƙila fanka ce matacciya, wataƙila man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da bututun nan ne ba a sa shi daidai ba. In kuwa ka ga murfin ƙasa ya ɗago ko wurin shafa yatsa ya kumburo, batir ne ya kumbura, ka zare ta daga wuta nan take, kada ka sake cajinta, domin irin wannan batir yana iya kama wuta. Kada kuma wani ya ce maka wai kayan babban kamfani ba sa zuwa da aibi. A cikin 2006 kamfanin Dell da kansa ya yi shela a dawo masa da batura fiye da miliyan 4, waɗanda Sony ya ƙera, saboda haɗarin gobara. In waɗannan sun amsa laifinsu a gaban duniya, mai kanti a Ikko ba shi da hujjar cewa "kayana ba sa ciwo."

Akwai kuma wata tambaya mai ɗaci: shin sabuwar ce ma kuwa? Kowa ya san kasuwar Computer Village da ke Ikeja, da ire-irenta, ana sayar da sababbi, ana sayar da 'yan tokumbo, kuma cinikin kwance ba haram ba ne in an faɗa wa mai saye gaskiya. Inda ɓarna take shi ne a goge tsohuwa, a naɗe ta cikin leda, a karɓi kuɗin sabuwa. Hanyar ganewa tana da sauƙi. Kowace kwamfuta tana da lambarta a gindi. A duba ko ta yi daidai da wadda ke jikin kwali, sa'an nan a shigar da ita wajen binciken garanti na kamfanin da ya ƙera ta, nan take zai nuna ranar da garantin ya fara da ranar da zai ƙare. In garantin shekara guda ya ƙare tun bara waccan, ai ba sai an yi maka fassara ba. Windows kuma yana iya fito da rahoton batir, wanda ke nuna ƙarfin da aka ƙera shi da shi, da wanda ya rage masa yanzu. Duk yaron da ya san kwamfuta zai fito maka da shi cikin minti biyu. A kuma tambayi mai kanti baki da baki ko garantin yana aiki a Nijeriya, domin sau da yawa kayan da aka shigo da su daga Dubai ko Amurka garantinsu na can ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, watau kunya. Mu 'yan Arewa an rene mu a kan cewa in ciniki ya faɗa ya faɗa, komawa da kaya ƙaranta ce, sai ka ji mutum ya ce, "Haka Allah ya ƙaddara," ya haɗiye. Ga kuma zaman baƙunci, mutum ba ya son a ce Bahaushe ya zo yana tada jijiyar wuya a kasuwar mutane, balle in Turancinsa bai nuna ba. Haƙuri abu ne mai kyau, ban musa ba, amma Hausawa ne dai suka ce jin kunyar marar kunya asara ce. Dokar ƙasa kuwa tana bayan mai saye. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mutum damar mai da kayan da suka fito da aibi cikin wata uku da karɓarsu, a gyara masa, ko a musanya, ko a ba shi kuɗinsa. Rubutun nan da ake mannawa a bango cewa ba a mai da kuɗi bayan an biya bai fi ƙarfin doka ba. Akwai hukumar tarayya da ake kira FCCPC mai karɓar irin wannan ƙara, Jihar Legas ma tana da tata, LASCOPA. Sai dai fa ko wace hukuma ka je, abin da za a fara tambayarka shi ne abin da na tambayi dattijon nan: ina rasidi? Rasidin kuma a tabbata an rubuta lambar kwamfutar a kansa, da kwanan wata, da kalmar "sabuwa" in a matsayin sabuwa aka sayar.

A nan ne mai gyaran bakin titi ke yi wa mutum illar da ba ta da magani. Ba ina zagin sana'arsu ba ne, akwai gwanaye a cikinsu, in kwamfuta ta shekara biyu ta sha ƙurar hunturu su ne za su buɗe ta su share. Amma da zarar wani ya kwance sabuwa ya yage tambarin da mai kanti ya manna a kan kusoshinta, ka ba shi abin da yake nema. Zai ɗaga ta ya ce, "An buɗe," shi ke nan, ko gaban wa kuka je sai ka sha wuya kafin ka nuna cewa aibin ba daga hannun mai gyara ya fito ba.

Wani zai ce, ai in an kai ta Arewa zafin zai ragu tun da babu gumin kurmi. Wannan kuskure ne. Kwamfuta ba ta gumi, abin da ta sani shi ne zafin iskar da take shaƙa. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce a yi aiki da nasa a inda zafi bai wuce digiri 35 ba. Ikko takan tsaya kusa da wannan iyaka ko da bazara, amma a Sakkwato da Maiduguri cikin watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga ɗakin kwanan ɗalibai mai rufin kwano, ga wuta ba kullum ba balle fankar sama ta juya. Wadda ta kasa a Agege, yaya za ta yi a can? Saboda haka duk mai niyyar aikawa gida, ya riƙe ta a hannunsa mako guda cur, a kunna ta kullum, a sa mata bidiyo na sa'a biyu a kan tebur, a ga halinta, tun mai kanti yana nesan kuɗin mota guda.

Mu dai washegari muka koma kantin, ni da dattijon da wani ɗansa. Da farko mai kantin ya ce yara ne suka ɗora ta a katifa. Na ce madalla, ga teburinka, a kunna. Ba a yi minti ashirin ba ta mutu a gabansa, ga masu ciniki suna kallo, aka kara hannu a gefenta babu ko alamar iska. Ya juya ta ya duba tambarinsa, ya tarar ba wanda ya taɓa. Abin da ya cece mu kuwa, dattijon ta banki ya tura kuɗin, shaidar tana cikin wayarsa da kwanan wata. Bayan 'yar jayayya aka ɗauko wata, muka zauna a kantin har azahar tana kunne, aka rubuta rasidi da lamba. Ta ƙara kwana bakwai a Agege kafin a ba direba.