Kada a yi wa kwamfuta fomatin kafin a kwashe fayilolin jama'a

A garuruwa irin su Kaoje da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, kwamfuta guda a shagon buga takardu kan zama ma'ajiyar mutane da yawa. A cikinta ake samun takardun neman aiki, hotunan fasfo, yarjejeniyar cinikin gona, sakamakon jarrabawar ɗalibai da lissafin 'yan kasuwar da ke zirga-zirga ta Tsamiya. Ranar da ta ƙi tashi, maganar da mai ita ya fi ji daga bakin mai gyara ita ce a yi mata fomatin a zuba sabuwar Windows. Wannan al'ada ya kamata a daina ta.

Ƙin tashin kwamfuta ba ya nufin fayiloli sun mutu. Windows manhaja ce da ke zaune a faifan ajiya ɗaya da takardun mai kwamfutar. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta manhaja, ko lalacewar fayil guda da ake buƙata wajen tashi, sun isa su hana ta buɗewa alhali takardu suna nan daram. Duniya ta ga haka ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da kuskure a wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, kamar yadda Microsoft ya ƙiyasta. Jirage sun kasa tashi, aikin bankuna ya tsaya, amma maganin shi ne goge fayil ɗin da ya jawo matsalar, sauran bayanai kuma ba su ɓata ba.

Hanyoyin ceto ba su da tsada. Ta farko ita ce a zuba manhajar Ubuntu, wadda kyauta ce, a kan filasha, a tayar da kwamfutar daga filashar, a zaɓi gwadawa ba tare da girkawa ba, sannan a kwafe fayiloli zuwa wata ma'ajiya. Ta biyu, a ciro faifan a jona shi da wata kwamfuta ta hanyar ƙaramar wayar da ke haɗa SATA da USB, sai ya buɗe kamar filasha. Idan an riga an goge wani abu, manhajoji irin su PhotoRec na iya tono shi, muddin ba a rubuta sabon abu a kansa ba. A nan fomatin ke yin ɓarna, domin zuba sabuwar Windows yana rubutu a kan wurin da tsofaffin fayiloli suke. A faifan SSD ma lamarin ya fi muni, don abin da aka goge a kansa da wuya ya dawo.

Masu gyara suna da nasu uzurin. Kwafe bayanai yana cin sa'o'i, wuta ba ta tsayawa, man janareta da tsada, mai kwamfutar da ya taso daga nesa kuma yana son komawa gida kafin dare. Gaskiya ne. Sai dai sauƙin da mai gyara ya samu, asararsa kan wani take faɗawa. Windows ana sake zuba ta sau goma, takardar shaidar cinikin gona da masu sa hannunta suka rasu kuwa babu inda za a sake samo ta. Abin da ya dace shi ne mai gyara ya faɗi kuɗin ceto daban, ya bar mai kaya ya zaɓa da saninsa.

Akwai inda hanyoyin nan ba sa aiki. Idan faifai yana ƙara ƙas-ƙas, a kashe kwamfutar nan take, domin kowace kunnawa tana ƙara masa rauni. Idan kuma an kulle shi da BitLocker, sai da mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. Masu sayen kwamfutocin tokumbo su tambayi wannan tun ranar ciniki.

Sai batun amana. Wanda ya buɗe faifan wani yana ganin hotunan iyalinsa da lambobin NIN na mutanen da suka zo shagon. Najeriya na da Dokar Kare Bayanai ta 2023, don haka a yi kwafin a gaban mai kaya, kuma kada mai gyara ya bar wa kansa kofi.

Masu shaguna da shugabannin makarantu a Kaoje da kewaye su ma da nasu nauyin. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, inda intanet ke wahala kuma filasha biyu da ake sabuntawa duk mako sun wadatar. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, su gindaya wa mai gyara sharaɗi tun daga bakin ƙofa cewa ba za a taɓa faifan ba sai an kwashe abin da ke ciki.