Kun Je Kallon Roka, Yaushe Za Ku Zo Bena?

Wallahi akwai abin da in na gani a labaran dare raina yake ɓaci, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. 'Yan majalisar tarayya na kwamitin kimiyya da fasaha su kwashi jerin motoci su tafi abin da suke kira ziyarar sa ido a hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, ko dai hedikwatarta da ke Lugbe a kan hanyar filin jirgin saman Abuja, ko cibiyarta ta gwajin roka da ke Epe a jihar Legas. A tarbe su, a zagaya da su ɗaki-ɗaki, a nuna musu allunan kwamfuta da samfurin roka, su gyaɗa kai, su jeru a ɗauki hoto, shugaban kwamiti ya yaba, ya ce kuɗin da ake ba hukumar ya yi kaɗan kuma za a duba. Shi ke nan. Kowa ya shige motarsa.

Mu kuma a nan Bena, a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta jihar Kebbi, manomi yana tsaye a bakin gari da fartanya a kafaɗa yana lissafin ko ya isa gonarsa ta nesa ko ya haƙura da ita bana ma. Dajin da ya haɗa mu da Zamfara ya zama gidan 'yan bindiga, suna fitowa a kan babura goma-goma, ashirin-ashirin, da rana tsaka, su kora shanu, su ɗebi mutane, su koma ta hanyar da suka fito. Ƙasar da take da taurarin ɗan Adam a sama tun 2003. Ƙasar da 'yan majalisarta ke zuwa kallon roka. Haba jama'a!

Kada wani ya yi mini gurguwar fahimta ya ce ga baƙauye yana faɗa da ilimi. Ba ni da rigima da injiniyoyin hukumar nan, ina ma jin tausayinsu. An kafa ta a 1999, a watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk a ƙasar Rasha, wani kamfanin Ingila mai suna Surrey ne ya ƙera shi. A watan Agusta na 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, kuma shi wannan na biyun 'ya'yan Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu bayan sun sami horo a can Ingila. Abin alfahari ne, ban musa ba. Kuma ka san wani abu da ke ƙara ƙona mini rai? A 2005, lokacin da guguwar Katirina ta nutsar da birnin Niyu Olins a Amurka, tauraronmu na farko yana cikin waɗanda suka fara aiko hotunan ɓarnar, aka yi amfani da su wajen aikin agaji. Idon Najeriya ya ga ambaliya a Amurka. To me ya hana wannan idon ganin sansanin ɓarayi tsakanin Bena da Ɗansadau?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata ta fito daga bakin ɗan majalisa kafin ya sha ruwan da aka ajiye masa a tebur. Kuma amsarta ba ta buƙatar digiri. Tauraron da ke ɗaukar hoton ƙasa ba ya tsayawa wuri ɗaya yana gadi, zagaya duniya yake yi, ya bi ta kanka yau, sai bayan kwanaki ya sake biyowa. Ba zai nuna maka fuskar ɓarawo ba. Amma zai nuna maka inda aka share daji aka kafa bukkoki, da sabuwar hanyar da babura suka fasa, da ƙauyen da aka ƙona, da gonakin da aka bari suka koma saura. NigeriaSat-2 yana iya rarrabe abin da faɗinsa ya kai mita 2.5 a ƙasa. Sai dai an ƙera shi ne don ya yi aikin shekara 7, ka ga ke nan tun 2018 wa'adinsa ya cika. Kuma irin wannan tauraro ba ya gani ta cikin hadari, ga shi da damina ne, lokacin da ciyawa ta rufe daji gajimare ya rufe sama, muka fi shan wuya. Mai gani cikin gajimare da duhun dare shi ne mai aiki da rada. Shekara nawa aka yi, kwamiti nawa ya zo ya wuce, kasafin kuɗi nawa aka zartar, ba a maye gurbin waɗannan taurari a kan lokaci ba? Mun zama kamar maigidan da ya sayi tocila mai tsada, batirinta ya mutu, ya ci gaba da fito da ita da rana yana nuna wa baƙi, dare ya yi kuma ɓarawo ya haura katanga.

Wa ke riƙe da kuɗin batirin? Su. Su ɗin nan masu ɗaukar hoto. Majalisa ce ke yanka kasafin kuɗi, ita ke ƙarawa, ita ke ragewa, ita ke da ikon kiran minista ta titsiye shi. To in shugaban kwamiti ya tsaya gaban 'yan jarida yana kukan cewa ba a ba hukumar isasshen kuɗi, wa yake kai wa ƙara? Ni? Kai? Tsohuwar da ta gudo daga ƙauyensu take kwana a barandar makarantar firamare? A 2023, ana tsakiyar kukan cire tallafin man fetur, waɗannan mutanen suka amince a saya musu manyan motoci, aka ruwaito kowace ɗaya ta kai kimanin Naira miliyan 160, ga 'yan majalisar wakilai 360, ga sanatoci 109. Kai ka yi lissafin da kanka. Ranar nan babu wanda ya ce baitulmali ya bushe, babu wanda ya ce za a duba. Sai an zo kan abin da zai tsare ran talaka ake tuna cewa ƙasa na cikin matsi.

Ga kuma alkawura, waɗanda ba sa ƙarewa. A 2016 ministan kimiyya na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ce Najeriya za ta tura ɗan sama jannati sararin samaniya nan da 2030. A watan Yuni na 2024 aka sake buga ganga, aka sa hannu a yarjejeniyar da za ta ba ɗan Najeriya ɗaya kujera a rokar kamfanin Blue Origin na Amurka, tafiyar da ba ta wuce kimanin minti 11 ba, a hau a leƙa a sauko. Aka yi ta murna. Alhali manyan taurarinmu duka daga Rasha ko Sin aka harba su, cibiyar Epe har yau ƙananan rokokin gwaji take harbawa, babu wadda ta taɓa kai tauraro sama. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a watan Mayu na 2007 bai cika shekara biyu ba ya mutu, a Nuwamban 2008, sai a Disamban 2011 aka sami madadinsa. Ban ce a daina buri ba. Amma mutumin da bai iya tsare 'yan mata a ɗakin kwanansu na makaranta ba, da wane ido zai dube mu yana maganar kujera a roka?

Mu tuna, tunda su sun manta. A farkon watan Yuni na 2021, 'yan sanda da bakinsu suka ce an kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. Mutum 88! Ba a yi mako uku ba, ranar 17 ga wannan watan, aka afka Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri aka kwashe ɗalibai da malamai, aka bi daji da su, wasu daga cikin 'yan matan sai da suka yi kusan shekara biyu a hannun ɓarayi. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe fiye da 60, kwana biyu bayan nan aka buɗe wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, wuta a Kanya, sojoji da 'yan sanda suka rasa rayukansu. Sai ranar 17 ga Nuwamba, 2025, da asuba, aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, a nan cikin ƙaramar hukumarmu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da yara 25. Gwamna Nasir Idris da kansa ya fito ya ce an sami labarin harin tun kafin a kai shi, an girke sojoji, sai suka janye kafin maharan su iso, ya kuma nemi a binciko wanda ya ba da umarnin janyewar.

Ka ji fa. Wannan karon labari ya zo, kunne ya ji, amma aka bar ƙofa a buɗe. Wannan ya nuna maka ko an rataye mana taurari ɗari a sama, in babu mai bin kadin abin da suka gani, in babu wanda za a tuhuma idan ya yi sakaci, aikin banza ne. Bin kadin nan kuwa shi ne ainihin aikin da aka zaɓi ɗan majalisa ya yi. Shi ne ma'anar sa ido. Amma abin da muka saba gani, a yi kisa, a tashi a zauren majalisa a yi shiru na minti ɗaya, a zartar da ƙudiri, a kafa kwamiti, a tafi hutu. Ihu bayan hari.

Kuma ka duba dabarar da aka fito da ita a watan Satumba na 2021. Ƙasa mai hukumar sararin samaniya, mai cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos, mai hukumar sararin samaniya ta soja daban, da ta rasa yadda za ta yi da ɓarayin daji sai ta katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya. Aka toshe bakin talaka da zai kira ya ce ga su nan tafe. 'Yan kasuwa suka tafka asara, 'yan'uwa suka kasa jin juna, ɓarayi kuma ba su ƙare ba, ga su nan har yau.

Indiya ma ƙasa ce mai ɗimbin matalauta, kuma ta sauke na'urarta a kan wata a watan Agusta na 2023. Amma kafin nan ta koyi amfani da taurarinta a kan rayuwar mutanenta. A 1999 guguwar teku ta kashe kimanin mutum 10,000 a jihar Odisha. A 2013 wata babbar guguwar ta sake nufo wannan gaɓar, taurari suka hango ta da wuri, hukuma ta kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, waɗanda suka rasu ba su kai 100 ba. Abin da ake nufi da ilimin sama ke nan: a hango masifa, a gaya wa mai iko, mai iko ya motsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wace ƙasa ake yi wa wannan wulaƙancin. Ƙasarmu ta Zuru! Duk barikin da ka shiga a Najeriya sai ka tarar da ɗan Zuru cikin kaki. Mun ba ƙasar nan janar-janar, mun ba ta ƙananan sojoji ba adadi, wasu an binne su a wuraren da iyayensu ba su taɓa gani ba. Yau gidan sojan ne ba mai tsaro, ƙanensa na sayar da buhun dawa da ɗan bijimin da ya rage don haɗa kuɗin fansa, wasu ƙauyukan har haraji suke biyan ɓarayi kafin su girbe abin da suka shuka da guminsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mun gaji da nuna wurin.

Saboda haka ga maganata ga sanatan Kebbi ta Kudu, da ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu, da duk abokan zamansu da ke cikin kwamitocin kimiyya da na tsaro. Ku je Lugbe, ku je Epe, ban hana ku ba. Amma ku bar mai hoto a waje, ku rufe ƙofa, ku tambaya: taurari nawa ne ke aiki a yau? Yaushe rabon da a ɗauki hoton dajin da ke tsakanin Kebbi da Zamfara da Neja? Wa aka ba hoton? Ya isa hannun kwamandan da ke barikin Zuru, ko yana kwance a cikin kwamfuta a Abuja? Nawa ake buƙata don tauraro mai rada, kuma a wane layi na kasafin kuɗi kuka sa shi? Wa ya janye sojoji daga Maga? In kun sami amsa, ku hau mota ku biyo hanya ta Ribah ku iso Bena ranar kasuwa, ku tsaya a gaban jama'a ku faɗa mana da Hausa.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, ka adana katin zaɓenka. Duk ranar da ɗayansu ya zo da atamfa da taliya yana neman ƙuri'a, kada ka karɓi gaisuwarsa sai ka tambaye shi abin da ya tambayo a hukumar taurari, da amsar da aka ba shi. In ya yi inda-inda, ka nuna masa hanya.