Ku daina zagin ɗan baya, ku tambayi wanda ya bar shi shi kaɗai

Jama'ar Damagaram, akwai wata ɗabi'a ta bakin fili da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Daga Birni har Garin Malam, da an zura wa ekip ƙwallo sai kowa ya juya kan defansar: rago ne, an saye shi, har mahaifiyarsa ba ta tsira ba. Ba mai tambaya ina sauran suke sa'ad da aka bar yaron shi ɗaya da atakan.

To ku duba aikin. Mai kai hari ya san inda za shi. Mai tsaro sai dai ya yi hasashe, yana gudu da baya, cikin yashi kuma. Ya ja riga yana na ƙarshe, arbit ya ɗaga jan kati. Ya ƙyale, mu mu cinye shi ɗanye.

Ko a Amurka, a ƙwallonsu ta masu hular kwano, an san wuyar wannan gadi na mutum da mutum. Mai tsaron gefe ba shi da iznin ture abokin karawarsa in sun wuce yadi 5. Shi ya sa da Darrelle Revis na New York Jets ya riƙa rufe manyan gwanaye shi kaɗai a 2009, har suna aka ba gefensa: Tsibirin Revis. Gwani irinsa ake bari haka. Saura ana aje masu mai agaji a baya.

Mu fa? Antirenar na unguwa ya kora kowa gaba saboda ƴan fada su yi tafi, ya bar ɗan shekara 16 da rabin fili. Wallahi wannan ba dabara ba ce, ganganci ne.

Kuma ga abin da yake jawowa: kowane yaro Maazou yake son zama, ba mai son baya. Mun riƙe ƙwallon da Maazou ya ci Masar a Yamai a 2010, Mena 1, Masar 0. Sifirin nan wa ya tsare shi? Garin da Espoir ta ɗauko wa kambun ƙasa a 1984 bai kamata a ce ana roƙon yara su tsaya baya ba.

Masu shirya gasar babban hutu, bana ku ware wa ɗan baya kyautarsa kamar ta mai cin ƙwallo. In kuma an zura, ku nufi benci da tambayarku, can mai laifin yake zaune.